Dajin da Ke Ƙarƙashin Puula

Ƙarshen Maris, tafkin Puula na nan a daskare,
ƙanƙara ta yi kaurin da doki zai taka ya ƙetare.
Babana Reino ya sari matasan itatuwa goma sha ɗaya,
masu ganye kamar allura, waɗanda hunturu bai tuɓe ba.
Ni ina ja, shi yana turawa,
muna tafe da ƙafa a bisa ruwa.

Ina 'yar shekara tara. Na ce, "Baba, ai wannan ɓarna ce.
Icen da zai ɗumama ɗaki dare uku
shi za ka ɗaura wa dutse?"
Bai tanka ba, igiya na bakinsa,
yatsu sun yi jawur, suna ƙulli da ƙwarewa.

Can ya huda ƙanƙara ya ce, "Tuulikki, leƙa.
Me kika gani?" Na ce ba komai.
"To abin da ɗan kifi ke gani ke nan.
Ƙasan nan fili ne fetal, laka da tsakuwa.
Mai haƙora na sintiri, ƙarami ba maɓoya,
uwa ta zo da ƙwai, ba reshen ratayewa."

Muka jera su nan muka bar su,
kowane da dutsensa a gindi.
Ya runtse ido ɗaya, ya daidaita hasumiyar coci
da tsagaggen dutsen tsibiri,
ya ce in riƙe, takarda tana jiƙewa.

Ba wanda ya ga saukarsu.
Wata safiya a Mayu ƙanƙara ta saki,
tafki ya haɗiye abin da aka ba shi
ba godiya, ba sanarwa.

Da muka je da kwalekwale na kifa fuska,
na kare rana da tafin hannu.
Ga rassa can ƙasa, har yanzu kore,
an yi musu shanya da farin zare,
dogo, mai ido-ido, yana lilo a hankali.
Baba ya ce ƙwai ne. Ya ɗaga filafili
don kada mu firgita masu haihuwa.

Veikko maƙwabcinmu ya yi dariya har da riƙe ciki,
wai Reino ya koma noma a cikin tafki.
Shekara uku, sai ga shi da asuba,
ƙugiyarsa daidai kan dajinmu.
Na fusata. Baba ya kurɓi kofinsa ya ce,
"Bar shi. Kifi bai san wa ya yi dashe ba,
shi dai ya sami inuwa."

Yau shekaruna sun wuce nasa na wancan lokaci.
Gatarinsa na hannuna, ƙotar ta yi santsi.
Ƙullina sai na yi sau biyu yake kamawa,
ƙanƙarar ma ba ta kai kaurin da ba,
muna taka ta da sanda, muna saurarawa.

Ɗana Eemeli ya zo da na'ura mai ganin ƙasan ruwa.
Bara da rani ya nuna mini a gilashinta:
wasu baƙaƙen zane a jingine da juna,
ganye ya tafi, ɓawo ya tafi, saura ƙashi,
ɗige-ɗige kuma sun yi musu rumfa.
Ya ce, "Mama, mene ne wannan?"
Na ɗaga kai: ga coci, ga tsagaggen dutse.
Na ƙirga zanen. Tara na samu,
biyu sun riga sun zama laka.

Bana bakwai muka saro, bayana ya hana ƙari.
Yana ja, ina turawa.
Ya tsaya yana huci, ya dubi icen, ya dubi dutsen,
na ga tambayar tana zuwa.
Na sa igiya a baki.