Taƙi Ɗaya Daga Batir

A Kurmin Mashi, gindin dalbejiyar da ta ƙoshi da baƙin mai,
Nafi'u ya tsayar da motarsa, ya ɗaga but,
ya ce, "Baba Sallau, so nake in na taso daga Kawo
a ji ni a Mando."

Amfilifaya sabuwa dal, ko ledarta ba a ɓare ba,
sifika biyu, kowace kamar bakin tukunya.
Wayar da ya riƙo kuwa, siririya,
irin ta fitilar ɗaki.
Na ce, ɗana, ba a ɗaure raƙumi da zaren ɗinki.
Wannan dodon naka wuta yake sha kamar sa a tsakiyar rani,
in ka ba shi ƙaramin maƙogwaro, maƙogwaron ne zai narke.
Je ka Panteka ka zo da mai kauri,
tagulla zalla, ka ɗaga ka ji nauyinta,
ba wadda aka shafa wa ja ba, cikinta alminiyam.

Kafin ya dawo na kwance baƙin kan batir.
Haka Oga Jatau ya koya mini, da ranƙwashi:
sai maciji ya mutu ake auna tsawonsa.

Ga shi nan tafe, fiyus a tafin hannu.
"A sa shi a baya, kusa da kayan,
ya tsare mini kuɗina."
Na yi dariya, ba ta daɗi ba.
Na miƙa masa bayan hannuna na hagu,
inda gashi ya daina fitowa.

Shekara sha tara ke nan.
Fijo ce, ta Ilu mai gyaran agogo.
Ni na ja wayar, ni na kai fiyus but,
na zura ta ta hujin ƙarfe babu zoben roba,
ina sauri, ana kiran la'asar.
Wata uku ƙarfe yana gaigayar fatarta,
kowane ramin hanyar Rigasa haƙori ne.
Ya zo ne kawai a duba masa hon.
A nan, inda kake tsaye,
tagulla ta taɓa jikin mota,
waya ta yi jawur daga bonet har ƙarƙashin kujera
inda 'yarsa ke lilo da ƙafafu.
Na fizge ta da hannu.
An fitar da yarinyar. Takalminta ɗaya ya zauna.

Fiyus ɗin fa?
Da muka tona toka, lafiyarsa ƙalau.
Mai gadi ne da ya kwanta a ƙuryar ɗaki,
ɓarawo na tsakar gida.

Don haka, taƙi ɗaya daga batir, Nafi'u,
a bakin ƙofa, inda wuta ke fitowa.
Ba kiɗanka yake gadi ba, waya yake gadi,
ƙarfinsa daidai nata, kada ya wuce ta.
Ran da ya mutu kada ka zage shi,
aikinsa ke nan, ya mutu a madadinka.
Kada ka cusa masa ƙusa,
kada ka naɗe shi da takardar sigari.
Nemi abin da ya kashe shi.

Na sa zoben roba, na latsa da babban yatsa.
Baƙar waya gajera,
na kankare fenti sai da ƙarfe ya yi haƙora farare,
na ɗaure noti har sifana ta yi ƙara.
Ta wuta ta bi dama, ta sauti ta bi hagu,
don kada inji ya tsoma baki cikin waƙa.

Na mayar da kan batir. Ya murɗa.

Ganyen dalbejiya ya kaɗa,
Lantana mai kunun aya ta waiwayo,
yaran gareji suka ajiye filaya suna taka rawa.
Shi yana can baya, baki buɗe, yana kallon sifika na numfashi.

Ni ina tsugune gaban bonet,
tsohon hannun nan a kan jar waya,
ina sauraron sanyinta.