Noti Ɗaya Ya Rage

Wata goma sha ɗaya ina tara kuɗi
a gwangwanin madara, ƙarƙashin katifa:
ladan katin biki da na zana wa mutane,
ladan kalandar ƙungiyar masu Keke.
Ko tsire na gani a Jekadafari, kai nake kawarwa.

Kayan ba su zo tare ba.
Uwar allo ta biyo motar Legas a kwali mai ƙarnin kifi,
firosesa ta zo daga Kano a aljihun Bappah direba,
akwatin kuwa na hannu ne,
gefensa ɗaya da 'yar lotsawa.

Ranar Asabar na shimfiɗa tabarma a zaure,
na wanke hannu har gwiwa,
na taɓa ƙarfen taga, don wutar jikin mutum
kan kashe abin da ido ba ya ganewa.

Firosesa, ke da ba ki kai kwalin ashana ba,
kin cinye kuɗin tumaki biyu.
Na sa ki a gurbinki, numfashi a riƙe,
na ɗiga miki man sanyi, kamar ƙwayar shinkafa,
kada zazzaɓi ya kama ki ranar aiki mai yawa.

Baba Gidado na zaune a bakin ƙofa.
Shekara talatin ya yi yana gyaran rediyo a Bolari
kafin yanar ido ta rufe masa shago.
Bai ce uffan ba. Kunne kawai ya karkato,
kamar eriya mai bin tashar da ke ɓacewa.

Wayoyin gaba, sirara, masu bakin sauro,
su suka cinye min azahar.
Na soka daidai, na soka a karkace,
takardar bayani ta jiƙe da gumina,
noti ya faɗa ciki, na girgiza akwati kamar mai tankaɗe,
har la'asar ta soma sunkuyawa.

Sai na danna.
Fanka ta juya. Fitila ta kama.
Allon kallo baƙi ƙirin, gindin tukunya.
Na kashe, na kunna, na kashe.
Na zargi mai shagon Kano, na zargi Bappah,
na zargi ramukan hanyar Darazo ɗaya bayan ɗaya,
wata goma sha ɗaya suka taru a maƙogwarona
suka ƙi haɗiyuwa.

"Hammadu," in ji Baba,
"siririn nan da ka cusa da hantsi,
sau ɗaya na ji ya ce ƙas.
Abu mai ƙugiya biyu, sau biyu yake amsawa."

Ram ne. Gefe guda ya zauna, gefe na reto.
Na sa babban yatsa, na rufe ido, na danne.
Ƙas.
Farin rubutu ya hau allo yana tafiya,
Dija ta rangaɗa guɗa,
Inna ta fito da ludayi a hannu
tana tambayar gidan da aka yi haihuwa.

Da na rufe akwati, na naɗe tabarma,
sai ga noti ɗaya a ƙasa yana kallona.
Na juya akwatin gaba da baya, babu gurbinsa.
Baba ya yi dariya har tari ya sarƙe shi,
ya ce a ɗauko masa gwangwanin kan taga.
Cike yake da irinsu, shekara talatin,
kowace rediyo ta bar masa ɗaya,
kuma duk sun koma gida suna magana.
Ya laluba tafina, ya ɗauki nawa, ya jefa,
ya ce, "Wannan ba a mayarwa."

Kafin magariba aka ɗauke wuta.
Fanka ta yi juyi uku, ta tsaya.
Baba ya ɗora tafinsa a bayan akwatin,
inda ɗumi bai gama fita ba,
ya daɗe a haka.
Can ya ce, "To, tana kama gajeren zango?"
Na ce in wuta ta dawo za mu gwada nemowa.