Mai Gyaran Agogo a Taron Masu Binciken Tsufa

Jikata Barira ta shigo da takarda,
ta ce, "Kaka, ran Laraba ƙungiyarmu na da taro,
kai za a auna."
Na ce, "Ni dawa ce?"
Ta yi dariya har mayafinta ya zame.

Shekara hamsin da ɗaya na yi a Ƙofar Marusa,
a rumfar da ba ta fi tabarma faɗi ba,
gilashi a ido ɗaya, hantsaki a hannu,
ina buɗe cikin agogo kamar mai fiɗar tsuntsu.
Mai gudu in ja masa linzami,
mai nawa in zungure shi.
Duk da haka ban ga ranar da magariba
ta tsaya jiran wanda na murɗa wa kunne ba.

Sai ga ni a ɗaki mai sanyin inji,
yara da fararen riguna suna ce mini Baba.
Suna kiwon ƙudaje a kwalabe,
kowace kwalba da lambarta.
Wani Dakta Lawandi,
shi ma furfura ta fara leƙo shi ta gemu,
ya ɗaga guda ya ce,
"Waɗannan mun rage musu ci,
sun zarce 'yan'uwansu da kwana tara."

Na buɗe baki zan yi dariya.
Kwana tara.
Tasalla ta cika ana saura kwana tara
yarinyar nan ta karɓi takardar digirinta.
Atamfar da ta ɗinka don ranar
tana ƙasan akwati da ninkinta.
Na rufe bakina.

Suka ba ni ƙarfe na matsa, allura ta ɗan motsa.
Suka ce in tashi daga kujera sau biyar.
Na yi uku, gwiwa ta ce ita ba ta san da wannan yarjejeniya ba.
Me nake ci? Tuwo da kuka.
Barci fa? Yana zuwa, kamar mai bin bashi,
ya tsaya a ƙofa ya juya.

Na ce, "Barira, tsaya in tambaye ki,
jayayya kuke da ajali?"
Ta ce, "Ajali na Mai shi ne, Kaka.
Gwiwa muke nema wa kwana,
wadda za ta kai goshi ƙasa ba sai da kujera ba,
da idon da zai zura zare,
da kan da ba zai kalli ɗansa
ya ce, bawan Allah daga ina ba."

Af, ashe sana'ata ce!
Ni ma ban taɓa ƙara wa yini sa'a ba.
Datti nake sharewa, in ɗiga mai,
don abin ya kai ƙarshen waninsa
ba da ɗingishi ba.

Na naɗe hannun riga na ce su ɗiba.
Jinin ya fito baƙi-baƙi, a hankali,
kamar ya san gidan da ake koyon jinkiri ya zo.
Suka manna masa lamba, irin ta ƙudajen.

Da zan fita na ɗaga kai:
agogon bangonsu ya makara da minti bakwai.
Hannuna ya tafi aljihu da kansa,
har ya taɓa hantsaki.

Na bar musu shi.