Dubi Hannu

A hawa na uku, a Nurembag,
inda taga ke kallon kogi yana wucewa ba gaggawa,
Walburga ta sa farar safar hannu,
ta zaro takarda daga aljihun tebur
kamar mai ɗaga jinjiri daga barci.

"Kada ka dubi fuska," in ji ta.
"Fuska ba ta da amana.
Gemu ɗaya masassaƙin nan ya raba wa mutum goma sha biyu,
wataƙila na maƙwabcinsa ne, mai gasa burodi.
Dubi hannu."

Na duba. Mai mabuɗi, Bitrus ke nan.
Mai dogon takobi da littafi, Bulus.
Tsohon da zaki ya kwanta masa a ƙafa kamar kyanwar gida,
Jerom.
Da yawansu abin da aka azabtar da su da shi suke riƙe,
riƙon hankali,
kamar ajiyar da mai ita bai dawo ba tukuna.

Ita ta koya mini cewa haske a nan
wurin da wuƙa ta ci ne,
baƙi kuwa abin da ta ƙyale.
Zoben hasken da ke kan waliyyi
rami ne a jikin katako.
Dama a katako, hagu ce a takarda:
ga wani bishop yana sa albarka da hagu
shekara ɗari biyar cur,
don yaron shago ya manta bai juya zanen ba.

Sai ta ƙarshe.
Laima ta ci kusurwar,
ta tafi da hannun da abin da ke hannun.
Saura tsayuwa, riga mai ninki, ƙafa ba takalmi,
da ido yana kallon wani abu bayan kafaɗata.

"Wannan fa?"

Ta cire tabarau, ta goge, ta mayar.
"Shekara talatin da ɗaya ina tambayarsa.
Na taɓa rantsewa Andarawus ne,
da bazara ta zo na lashe amaina."
A katinsa, da fensir: waliyyi, ba a san ko wane ne ba.

Ƙararrawar majami'a ta buga biyar.
A jirgin ƙasa, hanyar gida,
na kama kaina ina bin hannuwan mutane:
mai igiyar kare, mai jakar lemo,
mai mabuɗin keke a ɗan yatsa.
Daura da ni wani tsoho yana gyangyaɗi,
hannuwansa biyu cikin aljihu,
har na sauka bai fitar da su ba.