Zoben Sittana

A Wad Madani, layin maƙeran zinariya,
shagonmu ne na uku in ka wuce masu gahawa.
Usta Daffalla ke zaune, ni ke zuga,
ni ke shara, ni ke tace abin da na share,
don a gidan zinariya ko ƙura tana da nauyi.

Ranar Talata Sittana ta zo,
hannunta a kafaɗar ɗan ƙanenta.
Ta kwance bakin mayafi ta zube mana
rabin awarwaro, ɗan kunne maras ɗan'uwa,
da wani guntu da ba mu gane asalinsa ba.
Usta ya goga a baƙin dutse, ya gyaɗa kai,
ya ɗora a sikeli. Giram tara.

Ta ce, “Zobe nake so.
Kada ku wahala da ƙyalli, ni da ƙyalli
mun yi sallama tun ina 'yar shekara shida.
Ku yi min wanda babban yatsana zai karanta.”

Usta ya jawo takarda da fensir, sabo,
ya ja layi biyu, ya tsaya,
ya yi wa kansa dariya.
Ya ce, “Babikir, miƙo kakin zuma.”

Sai ta fara ba shi hanya,
daga ƙofar gidansu a Mai Wurno zuwa bakin kogi.
Tudu uku ƙanana, dakalin maƙwabta ke nan.
Wuri mai kaushi, gindin darbejiya,
inda saiwa ke kama ƙafa.
Sannan gangara, sumul, har ruwa.
“A nan uwata ke sakin hannuna,
ku bar wurin fili.”

Kaki na farko ta shafa ta ce tudun sun matsu,
maƙwabtanmu ba su kai haka shiri ba.
Na biyu ya karye a hannunta.
Na uku ta juya, ta juya, ta yi shiru,
shirun da ya sa Usta ya ajiye shayinsa.

Muka lulluɓe kakin da yumɓu,
ya kwana biyu yana shan inuwa.
Muka gasa, kakin ya tsiyaye ya bar gurbinsa.
Na zuga har gawayi ya yi fari,
awarwaro da ɗan kunne suka manta sunansu a kasko,
suka zama ido guda mai rawa.
Usta ya kama da awartaki, ya yi bisimilla, ya zuba.
Ba a numfashi a irin wannan lokaci.

Da muka fasa yumɓu abin ya fito baƙi ƙirin,
kamar ba ɗan gidan ba.
Ruwan tsami ya wanke shi, magagari ya bi shi.
Usta yana aiki ido rufe,
ni ina tare gari a fatar da ke cinyarsa.

Ni aka ba gugar ƙarshe.
Hannuna ya zame, na ci gefen gangara,
ɗan tabo, bai kai ƙwayar gero ba.
Na ja bakina. Na ce wa zai gani.

Ta dawo ranar Alhamis ta sa. Yatsa ya kama hanya,
dakali, dakali, dakali, saiwa, gangara,
sai ya tsaya cak a kan tabona.
Gumi ya karyo min.
Usta ya miƙa hannu, “Kawo a gyara.”
Ta dunƙule nata.
“Akwai dutse a nan. Na manta ban faɗa ba.
Sau nawa ya fasa min farce.
Wa ya gaya muku?”

Ba wanda ya amsa.
Usta ya dube ni ta saman tabarau,
ya naɗe mata ragowar zinariyarta a takarda,
har da garin da na tara.
Da ta fita ya murɗe min kunne,
sannan ya turo min sauran shayinsa.