Soya Kafin Daka

A Mai Wurno, bayan la'asar,
Iya Tasalla ta ce in faɗa mata
abin da ya riƙe ni shekara shida a Hartum.

Na ce lissafi ne, Iya,
inda alif sau jim
ba ya zama jim sau alif.

Ta tura garwashi ƙarƙashin kasko.
"Soya sannan daka, gahawa ce.
Daka sannan soya, toka.
Wannan kika je nema?"

Na ce da saura.
Fili ne marar ɗigo,
babu inda za ki kafa ƙafa ki ce nan ne.
Abu uku ke riƙe da shi:
ayyukan da ba sa yarda a sauya musu layi,
ɗakin da suke aiki a ciki, wanda ba ya ƙarewa,
da ma'auni guda mai amo,
daga sautinsa ake sanin nisa.

"Murhu ke nan. Cire dutse ɗaya ki gani."

Daga hayin kogi aka buga ganga.
Ta karkata kunne, ita da yana ta rufe wa ido:
"Ta Ɗan'azumi ce, fatar ta saki.
Yana tsaye gefen injin ban-ruwa."
Ban gan shi ba.
Ita ma ba ta gan shi ba.

Na duba shafi na casa'in da ɗaya,
inda hujjata ta maƙale tun damina.
Ta miƙo min finjali.
"Sha da zafinsa.
Citta ta yi yawa, hannuna ne ya zarce."