Bakin Kwalbar Sin

Ladidi ta kawo ta a ƙulle a gefen zane,
daga Koƙi, da hantsi, ban ko hura wuta ba.
Ta ce, "Ta kakana ce.
Daga Jidda ya zo da ita, shekarar da ya je a ƙasa.
Murfin yana nan, cokalin ne ya karye."

Tsawonta bai wuce ɗan yatsa ba,
cikinta kamar ƙwallon mangwaro.
Ni maƙerin fari ne, a Kurmi na yi furfura,
da ido nake awon zobe,
amma wannan baki sai da na gwada shi da hatsi.
Gero ya wuce ba sallama.
Dawa ta shiga tana gogar bango.
Wake ya tsaya a ƙofa kamar mai bin bashi.

Da na ɗaga ta ga haske,
ashe da mutum a ciki:
tsoho a kwalekwale riƙe da fatsa,
da zalɓe biyu a kan dutse.
Na goga bayanta, sumul.
Ta ciki aka zana su.
Ta ƙofar da ta hana wake shiga
wani ya zura alƙalami, ya shigar da kogi.
Ina ya ajiye numfashinsa
har ya gama gemun tsohon nan?

Tasi'u dillali ya leƙo da ma'auninsa na ƙarfe,
ya ce milimita shida,
ya ce duk wanda ya ƙara mata faɗi ya kashe kuɗinta.
Ya taya. Ya ƙara tayi.
Ladidi ta ce, "Cokali na zo nema."

Uku na ƙera.
Na farko kansa ya yi girma.
Na biyu ya shiga ya ƙi fitowa,
sai da gumi ya jiƙa min taguwa.
Na uku, siriri kamar tsinken sakace,
ya sauka har gindi,
ya dawo da ɗan baƙin gari a harshensa.

Asara ce. Ta shaƙa nake nufi,
wadda kakan bai ƙarasa ba.

Ladidi ta kai hanci,
ta yi atishawa sau uku, idonta ya kawo ruwa.
Ta ce, "Haka rigarsa take ƙamshi."

Ban tambaye ta ko tabar ce ta sa ta hawaye ba.
Na juya, na kama zugazugi.